Maki 45 Ba Hukunci Ba Ne: Nazarin Ma'aunin Berg Wajen Hasashen Faɗuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na hallaka mutane kimanin 684,000 a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Don haka abin da likitan gashin ƙashi zai dogara da shi kafin ya sallami dattijo, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ba ƙaramin al'amari ba ne. Wannan maƙala ta tsaya a kan cewa ma'aunin Berg yana auna daidaiton jiki yadda ya kamata, amma mayar da maki 45 iyaka tsakanin mai haɗari da marar haɗari kuskure ne. Hanyar da aka bi ita ce bitar nazarce-nazarcen da suka auna mutane tukuna, sannan suka bibiye su don ganin wanda ya faɗi.

Katherine Berg ta fitar da ma'aunin a Kanada a 1989. Ayyuka 14 ne, kowanne daga sifili zuwa 4, jimla 56: tashi daga kujera, tsayuwa ido rufe, ɗauko abu daga ƙasa, juyawa, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Masu kare iyakar 45 suna kafa hujja da cewa ma'aikata biyu kan ba majinyaci guda kusan maki iri ɗaya. Gaskiya ne, sai dai daidaituwar masu awo ba ita ce ingancin hasashe ba. A 2008 Muir da abokan aikinta, cikinsu har da Berg kanta, sun bibiyi tsofaffi tsawon shekara guda, suka tarar iyakar 45 ta gano kashi 25 cikin ɗari kacal na waɗanda suka faɗi. Wato uku cikin huɗu sun tsallake gwajin, daga baya suka sha ƙasa. Dalilin a fili yake. Babu tafiya a cikin ayyukan 14, babu tuntuɓe, ba kuma a gwada yadda mutum zai jefa ƙafa ya ceci kansa idan aka bangaje shi. Mai ɗan sauran ƙarfi sai ya kusa cinye makin duka alhali raunin na nan ɓoye. A ƙasar Hausa giɓin ya fi faɗi, domin tashin da gwajin ke aunawa daga kujera ne, tsohuwa kuwa daga tabarma take yunƙurawa, ta tashi daga sujada, ta tsuguna a makewayi, sau tari cikin duhu.

Wani zai ce a koma ga gwajin tashi a taka mita 3 a dawo, na Podsiadlo da Richardson (1991). Shi ma bai tsira ba: bitar Barry da abokan aikinta ta 2014 ta nuna iyakar daƙiƙa 13.5 tana gano kusan ɗaya bisa uku ne na masu faɗuwa.

Dole a yarda cewa akasarin nazarce-nazarcen nan a Turai da Arewacin Amurka aka yi su, kuma ƙididdigar faɗuwa kan dogara da abin da majinyaci ya tuna. Amma wannan bai wanke iyakar 45 ba. A ci gaba da amfani da ma'aunin Berg wajen bibiyar samun sauƙi daga mako zuwa mako. Batun sallama kuwa, a fara da tambayar ko majinyaci ya faɗi cikin shekarar da ta wuce, a auna saurin tafiyarsa kamar yadda ƙa'idojin duniya na rigakafin faɗuwa na 2022 suka tanada, a kuma kalli yadda yake tashi daga ƙasa.