Gurbin Jami'a da Takardar Shaidar Asali

Dukkanmu mun cika fom ɗin JAMB, kuma dukkanmu mun rubuta sunan jiha da ƙaramar hukuma a layin da aka ware, ba tare da mun san nauyinsa ba. Tarihin wannan layi nake so in ɗan taɓa.

Kafin 1978 kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta. Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, ta daɗe 'yan Arewa ba su taka kara sun karya a cikinta ba, domin makarantun sakandare a nan 'yan ƙalilan ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa Sardauna ya dage har aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. Zuwa 1975 Gwamnatin Tarayya ta gama karɓe jami'o'in da jihohi suka gada daga yankuna, sa'an nan a 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa JAMB. Tun da an koma cin tuwo a akushi ɗaya, tilas a san yadda za a raba loma.

Rabon da muka tarar a jami'o'in tarayya shi ne kashi 40 cikin ɗari ga masu maki mafi yawa, 30 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilmin boko, 10 kuma a hannun hukumar jami'a. Daga baya aka soke na ƙarshen, ya koma 45 da 35 da 20. Ba Arewa kaɗai ce ta ci moriyar kashi 20 ɗin ba, har da irin su Ebonyi da Bayelsa.

To, ga inda gizo ke saƙa. A Amurka, jami'ar jiha kamar ta Kalifoniya tana duban inda mutum yake zaune ne. Idan ya cika sharuɗɗan zama, ciki har da shekara guda a jihar, ya zama ɗan gida wajen kuɗin makaranta. Mu kuwa ba a tambayar inda kake zaune. Tsarin mulkin 1979, wanda ya shigo da manufar raba daidai tsakanin jihohi, ya ɗaure zaman mutum ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni, na 1999 kuma ya bi sawunsa. Takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma ita ce alƙali.

Saboda haka yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano, ya yi firamare da sakandare a nan, ubansa na biyan haraji a nan, a kan takarda ɗan Imo ne, kuma yakan buƙaci maki sama da na abokin zamansa a benci ɗaya. Haka jikan Bahaushen Sabo a Ibadan, wanda Yarabanci ya fi zama a bakinsa. Sai ya niƙo gari zuwa ƙauyen da bai taɓa kwana ba neman sa hannun dagaci. Rikicin Jos na 2001 ya nuna inda batun ɗan ƙasa da baƙo kan kai.

Ni dai ina cikin waɗanda ke ganin rabon nan ya yi amfani, domin da yawanmu ta wannan ƙofa muka shiga, malamanmu kuma shaida ne ba mu ba su kunya ba. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne ma'aunin. An yi tsarin ne don ɗan da ya yi karatu a makarantar da ba ta da malamin lissafi, amma takardar asali ba ta bambanta shi da ɗan babban sakatare da ya tashi a Ikko ko Abuja. Ƙaramar hukumarsu ɗaya, gurbi ɗaya suke nema, kuma kowa ya san wanda zai samu.