Lokacin da Fiziks Yake Cikin Falsafa

Ɗalibin fiziks na yau kan gama digiri bai taɓa leƙa ajin falsafa ba. A Jami'ar Glasgow ta Sikotland a 1846, wannan ba ta taso ba. Shi kansa fiziks ɗin "falsafar halitta" ake kiransa, kuma mai neman digirin MA dole ya haɗa shi da manɗiƙi da falsafar ɗa'a.

A shekarar ce aka naɗa William Thomson, wato Lord Kelvin daga baya, farfesan fannin yana ɗan shekara 22 kacal. Ya mai da wani tsohon ɗakin ajiyar giya ɗakin gwaji, ɗalibai suka koma awo da hannunsu. A ganina daga irin ɗakin nan rabuwar ta kankama, kodayake sashen bai yar da tsohon sunansa ba sai 1986.