Daga Dandali zuwa Fada: Tarihin Waƙoƙin Samari da Ƴan Mata a Ƙasar Hausa ta Nijar

1. Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka na Hausa sun fi mai da hankali ga makaɗan sarakuna da na sana'o'i. Waƙoƙin da yara masu tashen balaga suke yi wa kansu kuwa, sau da yawa akan ɗauke su wasa kawai. Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan waƙoƙi cikin zamani uku: na dandali, na samariya, da na fada. Manufarmu ita ce mu nuna cewa ko da yake kayan kiɗa da wurin taruwa sun sake, aikin waƙar bai sake ba.

Tushen maganar shi ne kunya. A tarbiyyar Bahaushe, yaro ba ya zama gaban mahaifinsa ya faɗi abin da ke damunsa, yarinya kuma ba ta buɗe baki ta ce ga wanda take so, ga wanda take ƙi. Shekarun balaga kuwa su ne lokacin da zullumi ya fi yawa: batun aure, neman abin kai, rabuwa da gida. Waƙa ita ce ƙofar da al'ada ta bari a buɗe, domin abin da aka rera cikin taro ba a kama mutum ɗaya da laifinsa.

2. Zamanin dandali

A ƙauyukan Gobir, Katsinar Maraɗi, Adar, Arewa da Damagaram, dandali shi ne matattarar yara da dare, musamman lokacin farin wata da bayan girbi. A wasan gaɗa, ƴan mata sukan yi da'ira suna tafi, ɗaya tana ba da waƙa, saura suna amshi. Wadda ta fito tsakiya takan faɗo da baya, ƙawayenta su cafe ta su ɗaga. Jigogin waƙoƙin sanannu ne: yabon saurayi, habaici ga tsohon da ya zo neman aure da dukiya, tsoron kishiya da uwar miji, da begen wanda ya tafi cirani.

Lokacin biki, daga sa lalle har zuwa kai amarya, ƙawaye sukan rera waƙoƙin rabuwa, amarya tana kuka. Ta haka ne ake raba nauyin baƙin cikinta tsakanin tsaranta, a kuma shaida wa manya cewa abin da ake yi mata ba ƙarami ba ne. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, ya nuna cewa irin waɗannan waƙoƙi sun daɗe a ƙasar Hausa baki ɗaya.

Samari kuwa, nasu ya fi karkata ga kirari. A fagen kokowa da wajen gayya, saurayi yakan kafa kansa da baki kafin ya kafa da ƙarfi. Kirari magani ne na tsoro: mai yin sa yana faɗin irin mutumin da yake fatan zama, jama'a suna shaida.

3. Zamanin samariya

Ƙungiyar samari mai sarkin samari a kanta tsohuwar al'ada ce. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da ita, ta mai da ita hanyar tattara matasa don aikin gayya. A 1975 aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, sannan aka shiga shirya bukin matasa na ƙasa, inda kowace jiha take kawo waƙa, rawa da wasan kwaikwayo. Janet Beik ta yi nazarin wasan kwaikwayon Hausa na wannan zamani cikin littafinta na 1987.

Samariya ta ba matasa dandamali da gidan rediyo, abin da dandali bai taɓa ba su ba. Amma jigogin sun zo daga sama: haɗin kan ƙasa, wadatar abinci bayan farin 1973 da na 1984, dashen itatuwa, da hani ga barin ƙauye. Saurayin da ke rera waƙar hana cirani kan dandamali, sau da yawa shi ne wanda rumbun gidansu ya ƙare, yake shirin tafiya Kano ko Abijan. Damuwarsa ta kansa ba ta da gurbi cikin waƙar gasa. A wannan lokaci kuma dandali ya soma ja da baya a birane, saboda yaɗuwar makarantar boko da kuma wa'azin wasu malamai masu sukar kaɗe-kaɗe da cuɗanyar maza da mata.

4. Zamanin fada

Kunce ya rasu a Nuwamba 1987. A ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, a 1991 aka yi babban taron ƙasa, samariya ta hukuma ta watse. A Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Yajin aiki ya jawo soke shekarun karatu, takardar shaida ta daina tabbatar da aikin gwamnati, aure kuma ya yi wa samari nisa don rashin abin hannu.

Cikin wannan hali ne fada ta yaɗu: gungun samari masu zama bakin titi kewaye da butar shayi, sun ari sunan majalisar sarki sun ba tasu. Adeline Masquelier ta keɓe littafi guda kan wannan al'amari a 2019. Kiɗan fada shi ne rap, wanda ya samo asali a unguwar Bronx ta New York cikin shekarun 1970, ya iso Nijar ta kaset daga Amurka, Faransa da Senegal. Gidajen rediyo masu zaman kansu, da suka buɗe daga tsakiyar shekarun 1990, suka ba shi hanya. Ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, Wass-Wong da Kaidan Gaskiya suka riƙa gauraya Hausa, Zabarmanci da Faransanci, suna magana kan zaman kashe wando, cin hanci, cutar sida da auren dole. Zara Musa, wadda aka fi sani da ZM, ta shigo da muryar mata cikin fagen.

Wanda ya san adabin Hausa ba zai ga rap baƙo sarai ba: akwai kirari a cikinsa, akwai zambo da habaici. Bambancin shi ne mai rap yana faɗin sunansa, yana magana da bakinsa, ba ya ɓuya cikin amshin taro. Ƴan mata da yawa a Maraɗi da Damagaram kuwa sun fi karkata ga waƙoƙin soyayya na finafinan Kano, waɗanda suka bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1990 bisa salon finafinan Indiya. Daga baya wayar salula ta maye gurbin kaset, sauraro ya koma na mutum shi kaɗai.

5. Abin lura ga masu tsara yaƙi da jahilci

Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Ke nan, waɗanda ake so su koyi karatu su ne masu waɗannan waƙoƙi. Tun buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram a 1973 ake kukan ƙarancin abin karantawa, alhali matasa suna ɗauke da baitoci masu yawa a ka.

Muna ba da shawara uku. Na farko, a gaggauta naɗar waƙoƙin gaɗa da na amare daga bakin tsofaffin mata, tare da sunan gari da karin harshe. Na biyu, a rubuta waƙoƙin rap na Hausa bisa daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, da yardar masu su, domin kundi ne na sababbin kalmomi da na aro. Na uku, a bar ɗalibin ajin yaƙi da jahilci ya rubuta waƙarsa da kansa, kada a ɗora masa jigo. Darasin zamanin samariya shi ne matasa sukan rera abin da aka ba su, amma abin da ya fito daga cikinsu shi suke riƙewa.