Tatsar Nono da Yayen Maraƙi

Yaye shi ne raba maraƙi da nonon uwarsa ya koma kan ciyawa. A rugagen Fulani na ƙasar Hausa, garke ɗaya ne ke ba da nono da nama. Saniya Bunaji ko Bokolo ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa, don haka ake kwana da maruƙa ɗaure a dangwali, a sake su da safe lokacin tatsa. Nono yakan wadata da damina, ya ja baya da rani. Idan tatsa ta yi yawa, maraƙi ya rame, yaye ya yi jinkiri. Ta ɓangaren nama kuwa, bijiman da suka ƙosa su ne fatake ke lodawa zuwa Anaca, Inugu da Fatakwal.