Shekarun faifan garmaho da yadda ake gane su

Kowane faifan garmaho yana da shekaru uku: shekarar da aka ɗauki murya, da wadda aka sassaƙa muryar a kan faranti, da wadda aka buga kwafin da ke hannun mutum. Masu tara tsofaffin faya-faye sun fi damuwa da ta ukun, domin bugun farko ya fi tsada. Mai nazarin harshe kuwa ta farko yake nema, kuma ita ce takardar tsakiyar faifai ta fi yin shiru a kanta.

Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin ƴan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, ya jera su ƙarƙashin haruffan EZ, ya aika da su kasuwannin bakin teku. Waɗannan faya-faye na ƙaro ne, masu nauyi da saurin fashewa, suna juyi 78 a minti. Faifan roba mai juyi 33 da sulusi kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948, RCA Victor ya biyo da ƙarami mai juyi 45 a 1949, sautin sitiriyo mai fita ta ɓangare biyu ya shiga kasuwa a 1958. Jikin faifai ke nan yana yanke iyaka ta ƙasa: ba a buga shi kafin a ƙirƙiro irinsa ba. Amma bai hana muryar da ke ciki ta girme shi da shekaru talatin ba.

Misalin da ya fi shafar Nijar shi ne na Ocora. Hukumar SORAFOM ta Faransa ce ta fara wannan jeri na kiɗan gargajiya a 1957. A 1962 hukumar ta koma OCORA, a 1969 aka haɗe ta da ORTF, daga 1975 kuma aikin ya koma hannun Radio France. A cikin jerin ne kiɗan marokan Nijar da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka ya fito da lamba OCR 20, na makiyaya kuma da lamba OCR 29. Kamfani yakan sake buga abin da ya sami karɓuwa, ya canza suna da tambari a takarda da jaka, muryar tana nan yadda take. Saboda haka faifan Ocora mai sunan Radio France shaida ne cewa an buga shi daga 1975 zuwa gaba, ba shaida ba ne cewa a lokacin mawaƙin ya yi waƙar. Wanda ya rubuta shekarar bugu a katin ajiya a matsayin shekarar ɗauka ya ƙara wa furucin mawaƙi shekara goma ko fiye, kuma duk hukuncin da aka gina a kai game da sauyin karin harshe ko shigowar kalmomin aro na Faransanci ya karkace.

Ƙananan alamu na takardar suna taimakawa. Faya-fayen Faransa sun daɗe suna ɗauke da kalmar BIEM, ta ƙungiyar haƙƙin mawallafa da aka kafa a 1929, kafin sunayen SACEM da SDRM su maye gurbinta a farkon shekarun 1970. Harafin P cikin da'ira, wanda yarjejeniyar Roma ta 1961 ta tanada, yana nuna shekarar da aka fara fitar da sautin ga jama'a. Wannan shekara takan bi faifai har bugu na biyar, shi ya sa take ruɗar masu sayen farko.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda, inda aka zana lambar sassaƙa. Daga farantin farko ake fitar da kwafin ƙarfe da Turawa suka kira uba, daga uba a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimin da ke danna roba. Hatimi yana cinyewa, sai a sake wani. Kamfanin EMI na Ingila ya ƙidaya hatimansa da haruffan GRAMOPHLTD, G ɗaya, R biyu, har zuwa D. Decca kuma da haruffan BUCKINGHAM. Faifai biyu masu takarda daban amma lambar sassaƙa ɗaya daga tushe guda suka fito. Idan lambar ta canza, an sake sassaƙa, kuma a nan ne ya kamata a saurari duka biyun, domin wani lokaci akan gajarta baiti ko a sauya jerin waƙoƙi.

Rubutun Hausar da ke kan takarda shi ne abin da ya fi cancantar zargi. Injinan buga takardu na Turai galibi ba su da ƙ da ɗ da ɓ, kuma mai rubuta sunan waƙa sau da yawa da kunnen Faransanci ko na Ingilishi ya ji shi, tun kafin taron Bamako na 1966 ya daidaita haruffa. Irin wannan rubutu tarihin ƙa'idar rubutu yake bayarwa. Furucin mawaƙin sai an ɗora allura. Faya-faye biyu na kiɗan Hausa da David Ames ya ɗauka a Nijeriya, waɗanda Bärenreiter-Musicaphon ya fitar cikin jerin UNESCO, sun zo da bayani a rubuce, kuma irin wannan ɗan littafi shi ne yakan fara ɓata idan faifai ya canza hannu. Katin ajiya nagari yana buƙatar gurbi uku na shekara, da gurbin lambar sassaƙa ta kowace fuska, a kwafe ta harafi da harafi.