Tsibirin da Babu Shi a Taswira

'Yan uwa, bari in fara wanke kaina tun kafin wani ya ɗauki waya ya kira gida: ban taɓa shan giya ba, kuma a daren da zan ba ku labarinsa ma ban sha ba. Amma na shiga mashaya, na zauna kusan awa guda, kuma abin da na gani a ciki ya sa na yi watanni ina tone-tonen tarihi.

A watan Oktoban 2019 ne. Na ɗauki hutu daga asibitin da nake aiki a Ingila, na raka ƙanwata Guangzhou, wajen baje kolin nan na Canton Fair da ake yi sau biyu a shekara tun 1957. Ita ce 'yar kasuwa, ni 'yar riƙon jaka. Masaukinmu yana Xiaobei, unguwar da duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya ya sani: gidajen abincin halal, 'yan canji, Larabci da Faransanci da Ibo suna tashi ta ko'ina, wani lokaci ma ka ji Hausa a bayanka. Tafintarmu wata yarinya ce 'yar garin, ba ta fi shekara 25 ba, "Anti" take ce mini. A darenmu na ƙarshe ta ce sai ta kai mu wani wuri mun ga abin mamaki. Mu mun ɗauka gidan abinci ne.

Wata 'yar ƙofa muka bi, muka sauka matakala, sai ga mu a wata duniya. Bango duk gora, rufi na ciyawa kamar bukkar Fulani, koma da kwale-kwale rataye a sama, fitilu ja da kore. Kukan tsuntsaye yana fita daga lasifikar da ba a gani. Can sai fitilu suka dushe, aka yi tsawa, ruwa ya fara zuba a kan wani kwano da ke gefe. Kofunan kuwa masu siffar gunki ne, idanu a zare, baki a buɗe, kowanne da 'yar laimar takarda a kai. Ƙanwata ta matso ta ce, "Yaya, nan fa mashaya ce." Na ce na gani. Yarinyar ta ji kunya ƙwarai, ta yi ta ba da haƙuri. Don kada mu ƙara kunyata ta muka zauna, na ce a kawo mana kwakwa a fasa a gabanmu.

Abin da ya fara ba ni dariya shi ne, a waje ma zafi ake yi da gumi. Guangzhou gari ne na ayaba da gwanda da ruwan sama mai ƙarfi. To me ya sa mutanen da ke zaune cikin zafi na gaske za su biya kuɗi su shiga ɗaki mai na'urar sanyi don su ga zafin ƙarya? Kuma wannan tsibiri da ake kwaikwayo, a ina yake?

Amsar ita ce babu shi. A Amurka aka ƙirƙire shi.

Daga 1920 zuwa ƙarshen 1933 an haramta sayar da giya a Amurka. Da aka janye dokar, wani saurayi haifaffen Texas mai suna Ernest Gantt, wanda ya yi yawon jirgin ruwa a tsibiran Karibiyan da na Tekun Fasifik, ya buɗe wata 'yar mashaya a Hollywood, wadda aka sani da Don the Beachcomber. Ya cika ta da tarkacen da ya tsinto a tafiye-tafiyensa. Ana ba da labarin cewa har tiyo yake sakawa a kan kwanon rufi, don masu sha su zaci ruwa ake yi a waje su ƙara zama. Lokacin talauci ne, mutane ba su da kuɗin tafiya ko'ina, sai ya sayar musu da tafiyar a cikin kofi. Abin ya karɓu har ya canza sunansa zuwa Donn Beach. Wani mai suna Victor Bergeron, da ya buɗe tasa mashayar a Oakland a 1934, ya zo ya gani, ya koma ya mayar da tasa Trader Vic's. Shi ne ya ce ya ƙirƙiro haɗin da ake kira Mai Tai a 1944. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin da suka yi yaƙi a Fasifik suka dawo gida, Hawaii ta zama jihar Amurka a 1959, sai irin waɗannan wurare suka bazu ko'ina. A San Francisco akwai Tonga Room, wadda aka buɗe a 1945 a cikin otal ɗin Fairmont, inda ake sakin ruwan sama da tsawa a cikin ɗaki. Ashe tsawar da ta razana ni a Guangzhou ta girme ni nesa ba kusa ba.

Sunan da ake kiran salon da shi, Tiki, na mutanen Fasifik ne. A wajen Maori na New Zealand shi ne sunan mutum na farko, kuma sassaƙen da aka mayar kofin giya abin girmamawa ne a wajen masu shi. Ba a tambaye su ba. To suna dai daga Fasifik aka aro shi. Sauran kayan fa? Ku biyo ni mu leƙa bayan labule, don can ne labarin ya shafe mu.

Na farko, abin da ke cikin kofin. Mutanen Fasifik ba su san shi ba. Giyar rake ce ta Karibiyan, wadda ake kira ram. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa mazarƙwaila a ƙasar Zazzau ya san baƙin ruwan nan mai danƙo da ke fita daga ruwan rake. Shi ake tsimawa a tace. An fara sana'ar sosai a tsibirin Barbados a tsakiyar ƙarni na 17, kuma hannun da ya sare raken, ya tura shi cikin injin matsa, ya tsaya a bakin tukunya, hannun bawa ne daga Afirka. Har ma ita giyar ana lodo ta a dawo da ita gaɓar Afirka ta Yamma a saye wasu bayin da ita. Kada ku ce abin ya tsaya kan mutanen bakin teku. Bayan ɓarkewar jihadi a 1804, an koro kamammun yaƙi daga ƙasar Hausa zuwa tashoshin Ikko da Badagry da Ouidah, aka tsallaka da yawansu zuwa Bahia a Burazil, ƙasar gonakin rake. Takardun hukumomin can sun ambaci Hausawa da sunan ƙabilarsu a yunƙurin tawaye na 1807 da 1809 da 1814, tun kafin babban tawayen Musulmi na 1835. Sunayen mafi yawansu sun ɓata. Wataƙila a cikinsu akwai ɗan unguwarku.

Na biyu, masu haɗawa. A wajen Donn Beach, ainihin masu haɗa abin shan ba a gaban jama'a suke ba. Samari ne 'yan Filifin, a wani ɗaki na baya. Amurka ta karɓe ƙasarsu a 1898, shi ya sa suka samu shiga neman aiki. Don kada su tafi da sirrin sana'a wajen abokan gasa, sai aka cire sunayen da ke jikin kwalabe aka sa lambobi, mutum yana zubawa bai san me yake zubawa ba. Ɗaya daga cikinsu, Ray Buhen, ya daure har ya buɗe tasa, Tiki-Ti, a Los Angeles a 1961. Shi aka fi tunawa, don ya samu ƙofar da zai rubuta suna a kai.

Na uku, abinci, kuma nan ne zancen ya zagayo inda muke zaune a daren nan. Abincin da ake kawowa a matsayin "na tsibiri" girkin Kanton ne, wato na lardin Guangdong, wanda Guangzhou ce hedikwatarsa. Canton ɗin da ke cikin sunan baje kolin ma tsohon sunan da Turawa ke kiran garin ne. Haƙarƙari gasasshe, soyayyar shinkafa, naɗaɗɗen fulawa mai cushe, duk an sa musu sababbin sunaye, an ɗora yankin abarba a kai, an ninka kuɗi. Masu girkin kuwa 'yan ci-rani ne.

Labarinsu zai yi muku kama da wani abu da kuka sani. Da aka gano zinariya a California a 1848, samari daga ƙauyukan kudu maso yammacin Guangzhou, musamman Taishan da Kaiping, suka ci bashi suka hau jirgin ruwa. Fiye da 10,000 daga cikinsu sun yi aikin shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabashi da yammacin Amurka, wanda aka kammala a 1869. Da aiki ya ƙare sai aka ce sun yi yawa. A 1882 aka yi dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar, ba a soke ta ba sai 1943. Waɗanda suka rage aka matse su cikin sana'o'i kaɗan, wanki da guga da girki. Mutum zai yi shekara ashirin bai ga matarsa ba, yana kwana a bayan kicin, yana aika kuɗi gida.

Da kuɗin suka yi gini. A Kaiping har yau akwai dogayen benaye kusan 1,800 a tsakiyar gonakin shinkafa, masu ƙofofin ƙarfe da ƙananan tagogi saboda 'yan fashi da ambaliya, saman su kuma da adon Turai da masu su suka gano a waje. Yawancinsu an gina su ne a shekarun 1920 da 1930, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya a 2007. Da yawa a kulle suke, jikokin masu su suna San Francisco ko Vancouver. Da na ga hotunansu sai na tuna gidan da nake ta aika kuɗin bulo da siminti ana gina mini shekara bakwai ke nan, wanda ban taɓa kwana a ciki ba. Na san ba ni kaɗai ba ce.

Tafintarmu ta ce dangin mahaifiyarta 'yan Taishan ne, kuma an ce wani kakan kakanta ya tafi "Dutsen Zinariya", kamar yadda suke kiran California, bai dawo ba. Na tambaye ta sunansa. Ta yi shiru, ta ce sai ta tambayi kakarta. Ga ta zaune a cikin kwafin ɗakin da mutanen garinsu suka yi wa girki, an dawo mata da shi gida a matsayin sabon yayi, tana ɗaukar hoto.

Ba na ganin laifinta. Nishaɗi ta zo yi, kuma duniya haka take juyawa. Garin nan ya daɗe yana karɓar baƙi yana aika nasa. Masallacin Huaisheng da muka yi sallah a ciki yana daga cikin mafi tsufa a ƙasar Sin, fataken Larabawa da Farisa ne suka kafa al'ummarsa. Daga 1757 zuwa 1842 Guangzhou ce kaɗai tashar da aka yarda Turawa su yi ciniki, su ma a keɓe a bakin kogi. Yau mu ne baƙin. Kuma wata shida kacal bayan tafiyarmu, a Afrilun 2020, lokacin korona, aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a wannan gari, wasu suka kwana a titi, har shugaban majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon. Jikokin waɗanda aka yi wa dokar 1882 suna da baƙin da za su rufe wa ƙofa. Mu ma idan muka duba yadda muke yi wa baƙo a garuruwanmu, ba za mu rasa abin jin kunya ba.

Akwai kuma abin da zan faɗa muku da bakin ma'aikaciyar jinya, ku masu yara a waje. Dabarar waɗannan haɗe-haɗe ita ce zaƙi. Ruwan abarba da lemun tsami da sukari da ƙanƙara suna ɓoye ɗacin giya, harshe ba ya gargaɗin mutum. Shahararren haɗin Donn Beach, Zombie, ram iri uku ne a kofi guda, kuma shi da kansa ya hana a sayar wa mutum ɗaya fiye da biyu. Na yi aikin dare a sashen gaggawa, na karɓi yara 'yan jami'a da aka kwaso a sume, wasu da suna irin namu, abokansu suna rantsuwa cewa "lemo kawai ta sha". Ku zaunar da yaranku ku yi musu bayani tun kafin wani ya miƙa musu kofi mai laima. Su tambayi abin da ke ciki, su ga an buɗe a gabansu, kuma idan aboki ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe a kira motar asibiti, kada tsoron faɗan iyaye ya sa a bar shi ya kwana a haka.

Da na koma Ingila na ba ɗana labari. Shekararsa 16 a lokacin. Ya yi dariya ya ce, "Mama, ai akwai irinsa a nan, amma na Afirka." Wai wani gidan abinci ne da fatar damisa ta roba da ganguna da kukan zaki. Na ce wace ƙasa ce a Afirka? Ya ce ba a faɗa ba. Na ce su wa ke wanke kwanuka a baya? Ya ce bai leƙa ba.

A daren na ɗauko littafi na ce ya rubuta. Muka fara da sunan kakana, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja a ƙafa, da na ƙanensa da ya tafi Makka ta Sudan bai dawo ba. Na kira gwaggona a waya ta cika mana waɗanda na manta, tana yi tana faɗa wai sai yanzu muka tuna. A ƙasa na ce ya sa sunana, da sunan garin da nake aiki, da shekarar da na zo, da cewa aikin dare nake yi. Littafin yana nan a durowar falo. Idan ba ku da irinsa, ku saya, ku kira tsofaffin gida a wannan makon tun suna da ran ba ku amsa.

Ita kuwa yarinyar, bayan kusan wata biyu ta turo wa ƙanwata saƙo ta WeChat, ta ce a faɗa wa Anti kakarta ta tuna sunan, kuma ta ce mai girki ne.