Gawut: Me Ya Sa Yake Fara Kama Babban Yatsan Ƙafa?

Abubuwa da dama na kumbura gaɓar babban yatsan ƙafa: matsattsen takalmi, zaizayewar guringuntsi, ko ƙwayoyin cuta da suka shiga gaɓar. Amma idan mutum ya kwanta lafiya lau, tsakar dare zogi ya tashe shi, gaɓar ta kumbura tana sheƙi, ko mayafi ba ya son ya taɓa ta, abin da likita zai fara zargi shi ne gawut. Kusan rabin masu cutar a nan take fara kama su.

Tun 1848 wani likitan Ingila, Alfred Garrod, ya nuna cewa sinadarin yurik asid ya yi yawa a jinin masu gawut. Idan ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita, sai ya fara daskarewa cikin gaɓa, siri-siri kamar allurai, garkuwar jiki kuma ta far musu. Wannan faɗan ne ke haifar da kumburi da zafi. Sanyi na hanzarta daskarewar, shi kuwa yatsan ƙafa ya fi tsakiyar jiki sanyi, ga nauyin da yake ɗauka kullum.

Akan ɗora laifin a kan nama. Gaskiya ne jan nama, kayan ciki irin su hanta da ƙoda, giya da lemon kwalba suna ƙara sinadarin, amma a ganina an zuzuta rawar abinci. Mafi yawan masu cutar ƙodarsu ce ba ta fitar da shi yadda ya kamata, sau da yawa kuma gado ne. Ƙiba da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari su ma suna da hannu.

Magani iri biyu ne, kuma a nan ake yawan kuskure. Colchicine ko irin su ibuprofen suna kwantar da kumburi ne kawai. Ko ba magani ma, ciwon kan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai mutum ya ɗauka ya warke. Yawan shan na kashe zafi daga kemis kuwa yana iya lalata ƙodar da dama ta raunana. Mai rage sinadarin shi ne allopurinol, ana sha kullum bisa kulawar likita don awonsa a jini ya sauka ƙasa da miligiram 6 ya kuma zauna a haka. A watannin farko yakan tayar da ciwon, shi ya sa ake haɗa shi da colchicine kaɗan, don kada mara lafiya ya zaci bai karɓe shi ba ya daina sha.